Mai Gyaran da Ya Yi wa Kwamfuta Aski

Kai da na ji kana cewa kwamfutarka ta cika nawa, zauna tukuna ka ji misalin wani mai gyara kafin ka kai mata wuƙa. Mutumin nan shi ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti, inda ake tura sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwaji zuwa wurin likita a can wata unguwa. Saƙon kuwa hanyar da kowa ke bi yake bi. Shi ya sa ake kulle shi tun daga can cikin zuciyar na'urar, wadda masu sana'ar ke kira kenel, yadda ko an tare shi a hanya ba abin da za a gani sai tarkacen baƙaƙe. To, gogan naka akwai son a ce aikinsa da sauri. Ran nan ya zauna zai sake haɗa kenel ɗin, na'ura ta jero masa kayan da zai zaɓa, sai ya shiga yi mata aski tal-kwabo. Wannan nauyi ne, cire. Wancan ban san shi ba, cire. Ashe cikin abin da ya share har da ɓangaren da ke kulle saƙo. Na'ura ta tashi fit kamar an tsikare ta da allura. Wani ɗan jan rubutu ya gifta a fuskarta, gogan ya ce ai gaisuwa ce take yi. Sakamako na isa wurin likita garau, har likitan ya sa masa albarka. Ba wanda ya san asirin mutane tsirara yake ratsa gari.

Aka kwana biyu, sai wata mata ta zo asibitin, wai wata murya ta kira ta a waya ta yi mata sannu da cutar da ko mijinta bai san da ita ba. Bayanta wani dattijo, shi ma haka. Muryar ba ta zagi, ba ta roƙon komai. Sannu kawai, sai ta kashe. Mai gyara ya ce ai ma'aikata ne masu sakin baki, shi na'urarsa lafiya lau. Ana haka shi ma ya fara jin nauyi a gefen cikinsa, ya lallaɓa ya ba da jini a gwada bai gaya wa kowa ba. Da rana tsaka, yana tsaye yana kallo, mai gwaji ya danna aikawa. Ko takalminsa bai gama sawa ba wayarsa ta ɗauki ƙara. Babu lamba. Muryar a sanyaye, irin ta mai zuwa ta'aziyya: "Sannu, Injiniya. Ashe hanta ce. Allah ya sawwaƙe." Ya kira likita, aka ce ya fita salla, ko buɗe saƙon bai yi ba. Ya waiwaya ya dubi na'urar. Koriyar fitilarta na ta ƙyafta masa ido, tana ta gudu, daidai yadda ya so. A nan ya durƙusa ya buɗe cikinta, ya ga gurbin makullin fayau, kuma ya san hannun da ya cire shi. Ya mayar, amma abin da kunne ya riga ya ji ba ya komawa cikin waya. Shi ya sa Bahaushe ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.