Sola a Rufin Alhaji Audi

Ƙofar gidan a wangale take lokacin da tasi ta sauke Alhaji Audi a Unguwar Rimi, ranar Juma'a da ƙarfe biyu saura. Yahaya maigadi ba ya nan, ya tafi masallaci. A tsakar gida kuwa ga wata farar motar ɗaukar kaya da babu ko rubutun suna a jikinta, injinta yana ta aiki.

Alhaji ya ja tsaki. Ma'aikatan Rilwanu ke nan.

Rilwanu mijin 'yarsa Nafisat ne, mai shagon kayan wuta, haifaffen Unguwar Kanawa. Shekara shida da auren, har yau Alhaji bai daina kiransa "mai sayar da ƙwan fitila" ba. Shi Alhaji injiniya ne, shekara talatin da biyu yana duba gine-ginen gwamnati kafin ya yi ritaya. Da Rilwanu ya ce zai sa musu sola kyauta saboda allurar ciwon sukarin Hajiya, matar Alhaji, da ke lalacewa a firij duk sanda aka ɗauke wuta, Alhaji cewa ya yi a bari sai ya dawo daga Abuja, inda zai kai Hajiyar asibiti. Nafisat ce ta matsa har ya bar makullin bene. Ranar Talata Rilwanu ya kira shi sau uku, bai ɗauka ba.

Rufin shi ne abin alfaharinsa. Shi ya zana shi da hannunsa: shimfiɗaɗɗen siminti, a kansa soso mai kauri da ke hana zafi shiga ɗakuna, a kan soson kuma shimfiɗar kwalta mai hana yoyo. Ƙusa ɗaya ta huda wannan shimfiɗa, damina ta shigo har falo.

Ya ajiye jaka ya hau matattakala.

Mutum uku ya tarar a sama. Allunan sola takwas suna zaune a kan ƙarafansu, an danne ƙafafun ƙarafan da tubalan siminti, an sa roba a ƙarƙashin kowane tubali. Sauran huɗu an jingina su da bango, a karkace, ɗaya ma fuskarsa a ƙasa. Wayoyi sun zubo ko'ina, bakinsu a guntule. Wani dogo yana jan ƙarfe a kan kwaltar kamar mai jan buhu.

"Kai, ɗaga shi," in ji Alhaji. "Rufin ubanka ne?"

Dukansu suka ƙame. Mai riƙe da sifana ya kalli matattakala, ya kalli Alhaji.

Alhaji ya san wannan kallo. Haka 'yan kwangila suke yi idan wanda ya san aiki ya ritsa su. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya: silifas, babu safar hannu, babu abin auna wuta, babu ko takardar zane. Sifana biyu da filaya, shi ke nan kayan aikinsu.

"Wa ya koya muku aiki? Haka ake ajiye allo? Kashin tsuntsu ma ba ku iya gogewa ba, kaya sabo."

Babbansu, wani mai ɗan gemu, ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Alhaji."

"Nawa Rilwanu ya ba ku? A bakin kasuwa ya kwaso ku, ko?"

"Haka ne, Alhaji."

Alhaji ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. Shekara shida yana jiran abin da zai nuna wa Nafisat ta gani da idonta, yau ga shi a kan rufinsa. Ya duba inda dogon ya ja ƙarfe, ya ga kwaltar ta yage tsawon taƙi guda, farin soso ya leƙo.

"Ku kwance," ya ce. "Duka. Har waɗanda kuka ɗaura. Ba na son ganin ko noti ɗaya na mutumin nan a gidana."

Suka kalli juna.

"Kurame ne ku?"

Sai ga aiki ya kankama. Alhaji ya tsaya a kansu, hannu a baya, yana nuna musu yadda mutum biyu ke ɗaukar allo a tsaye don kada ya tsage, da wace waya ake fara cirewa don kada wuta ta ja mutum. Da suka sauko, shi ya nuna musu ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matattakala, inda ya hango batura huɗu da inbata a jere.

"Waɗannan ma. Ku kai masa ya sayar a shagonsa."

Cikin rabin sa'a motar ta cika. Mai gemu ya durƙusa har ƙasa ya yi godiya, abin da ya ƙara wa Alhaji raina su: an kore ka, kana godiya. Shi da kansa ya riƙe musu ƙofa suka fita, ya mayar ya rufe.

Ya zauna a falo, fanka a tsaye, gumi yana bin wuyansa. Ya shirya kalmominsa tsaf, sannan ya danna lambar surukinsa.

"Baba, barka da dawowa," in ji Rilwanu. "Ya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi. Na sallami ma'aikatanka. Na sa sun kwashe tarkacenka gaba ɗaya, yanzu suka fita. Gobe in za ka yi wa mutum alheri, ka fara sanin aikin."



"Waɗanne ma'aikata, Baba? Ai tun ranar Talata muka gama aikin, ni da kaina na kunna wutar."