Hayaƙin da Ya Yi Fari a Ɗakin Niƙa

Mahama yana da injin niƙa mai shan dizal a wani ɗan ɗaki cikin lungun unguwar Nima. Masu koko da masu tuwon kenke duk wurinsa suke kai gero da masara. Matarsa Ruhaina ce ke wuni a ciki, tana karɓar kwanuka tana zuba hatsi. Injin tsoho ne, hayaƙinsa baƙi ƙirin, shi ya sa aka jona masa dogon bututu har saman rufi.

Wata rana abokinsa direban motar haya ta trotro ya kawo masa 'yar kwalba. Ya ce nano sunanta, wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ana ɗiga su a mai don ya ƙone da kyau. Mahama ya gwada. Maganar gaskiya, hayaƙin ya ragu, man ma ya ƙara auki. Wayyo, zo ku ga baki har kunne! Ko kuturun kwano ka kawo, sai ya nuna maka kwalbar.

Da damina ta kankama, iska ta karya bututun daga gindi. Baba Saaka makanike ya leƙo ya gani.

"Mahama, kira mai walda yau. Kada ka tada injin nan haka."

"Haba Baba, wane hayaƙi kuma? Duba fa, fes! Nano ya gama da shi."

"Baƙin ne ya ragu, ɗana. Gubar ba ta da launi."

Mahama ya yi dariya, ya ce tsofaffi ba sa son abin zamani.

Kwana uku Ruhaina tana kukan ciwon kai da jiri. Ya sayo mata ƙwaya a kemis, ya ce gajiya ce.

Ranar Juma'a aka kawo masarar bikin suna buhu biyu. Mahama ya tafi masallaci, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ruhaina ta rufe ƙofa da taga don kada gari ya jiƙe, ta ci gaba da niƙa.

Da ya dawo, ya tarar da Ayishetu mai koko tana dukan ƙofa.

"Maigida, tun ɗazu nake sallama, Yaya Ruhaina ba ta amsa ba!"

Ya bankaɗa ƙofar. Injin yana ta ƙara, Ruhaina tana kwance a ƙasa, gari ya rufe mata ƙafafu. Kafin tasi ta kai su asibiti, rai ya yi halinsa.

Likita ya yi masa tambaya ɗaya: "Ina hayaƙin injin yake fita?"

Mahama ya faɗa masa bututun ya karye, cikin ɗakin hayaƙin yake taruwa.

Jama'a, abin yana da ciwo, don aikin walda ne na rabin awa. Sinadarin da ke rage baƙin hayaƙi bai mayar da shi iskar shaƙa ba. Injin niƙa ne ko janareta, ku fitar da hayaƙinsa waje, ku bar taga a buɗe, ko da idonku bai ga komai ba.