Azurfar da Aka Tono a Kufai

Na ga bakinka cike yake da magana a kan mutumin nan, kuma ba ka gani da idonka ba. Zauna tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani manomi da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu tana da tsoffin kuɗin azurfa, manyan nan masu hoton kan mace, waɗanda ta gada daga tata uwar. Ba kashe su take yi ba. Maƙeri ya huda mata kowanne, ya buga ɗigo uku a gefen hujin, tana zura su a zare ta rataya ranar biki. Da ciwon ajali ya kama ta, ƙanen ne ya yi jinyarta, shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita. Bayan ta rasu aka buɗe akwatinta, babu azurfa babu dalilinta. Ran wan ya ɓaci, kuma shi mutum ne mai saurin baki. A zauren makoki, gaban dattawan gari, ya nuna ƙanensa da yatsa ya kira shi ɓarawon gawa. Ƙanen ya rantse har ya gaji, ba wanda ya saurara. Kafin damina ta zagayo ya kwashi iyalinsa ya bar garin, sunan kuwa ya bi shi har inda ya sauka. Gidan uwar ya rushe, ya zama kufai, aka riƙa shuka gero a kai.

Sai da furfura ta cinye kan manomin, wani baƙo ya zo da injin neman ƙarfe, sanda ce mai faifai a ƙasa, tana kuka in ta ji ƙarfe a binne. Ya roƙa a bar shi ya zaga kufan, abin da aka samu a raba. Suka tono guntun fartanya, suka tono ƙusoshi da murfin kwano, manomi yana ta yi masa dariya. Can inda gadon tsohuwar yake a da, injin ya ɗauki kuka bai daina ba. Suka haƙa, sai ga ƴar tukunya an toshe bakinta da laka, cikinta wasu faya-fayai baƙaƙe ƙirin sun manne da juna. Baƙon ya ce kada ya kuskura ya sa musu yashi, ya jiƙa su a ruwan tsamiya, ya bi su da tsumma a hankali. Manomi ya zauna gindin bishiya yana goge rabonsa, yana murna Allah ya kawo na cefane. Baƙin ya fara fita, kan mace ya bayyana. Ya ƙara gogawa, huji ya buɗe, ga ɗigo uku a gefensa. Ya ɗauki wani ya goge, haka. Ashe tsohuwa da kanta ta binne kayanta tun tana da ƙarfi, mutuwa ta zo ba ta faɗa wa kowa ba. Wallahi ko ni da nake ba ka labarin, nan ne yake taɓa mini zuciya.

Ya sayar da ɗan bijiminsa ya fanshi rabon baƙon, ya ƙulle azurfar duka a ƙyalle, ya nufi garin da ƙanensa yake. Ya tarar da shi ya tsufa, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya zube ƙullin a gabansa, ya durƙusa, shi da yake babba. Ƙanen ya juya azurfar a tafin hannunsa.

"Yaya, tashi, ni na yafe tun tuni," in ji shi. "Amma ba ni kaɗai na ji ka ba ranar nan. Je ka faɗa wa waɗanda suka ji."

Manomi ya koma gida da niyyar yin haka. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe ya ce jama'a su dakata, ya ɗaga azurfar sama, ya ce ƙanensa bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Sai ya duba sahu. Dattawan da suka zauna a zauren makokin nan duk suna maƙabarta. Waɗanda ke kallonsa ƴaƴansu ne da jikoki, ba su san ƙanen ba, ba su san azurfar ba. Wani ya raɗa wa na kusa da shi, wa tsoho yake nufi? Aka amsa masa, "Ɓarawon gawa mana, wanda ya gudu."

To, ka ji. Yanzu in za ka je ka faɗi taka, ga hanya nan. Amma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.