Gonar Kaka Zambeta

Kosmas, ajiye wayar nan. Irini, zauna ki daina hararar ɗan'uwanki. Na kira ku daga birni don ku saurara, ba don ku sa mini baki ba.

Shekara uku ke nan kuna cacar baki a kan gonar zaitun ta kakarku Zambeta, wadda ta gangara har bakin teku. Kai kana so a sayar wa masu gina otal, ke kin ce taki ce. Kun san al'adar tsibirin nan: gonar kaka ta jikar da ta ci sunanta ce. Kun kuma san ranar baftismar Irini ubanku Minas ya kafe, ya ce ba za a sa mata sunan uwarsa ba. Dalili bai bayar ba. Gari ya ce ni na hana, surukata ta mutu ba ta amsa gaisuwata. Na haɗiye.

Litinin da ta wuce jirgin ruwa ya sauke 'yan yawon buɗe ido, masu jaka a baya da hancin da rana ta ƙona. Cikinsu akwai wata doguwar mace, za ta haura hamsin, da takalmin hawan dutse. Sauran suka nufi rairayin da kowa ke zuwa. Ita ta hau tudu, ta bi bayan coci, sai ƙofar gonar.

Kun san ƙyauren nan, sai an ɗaga shi kafin a tura. Baƙo sai ya yini yana kokawa da shi. Ta ɗaga, ta tura. Na ce a raina, Kosmas ya turo 'yar leƙen asirin masu otal, har ya koya mata ƙofa.

Na ce, "Ke, ina zuwa?"

Ta ce, "Iyo zan yi, Inna." Harshenmu take yi, amma irin na tsofaffi, wanda ko ni na daina ji.

"Ban haife ki ba. Wace ce ke?"

"Beti. Daga Ostireliya."

Rabin mazan garin nan sun yi aikin jirgin ruwa ta can, har ubanku, babu wanda ya dawo da abin kirki. Na ce mata, "To Beti, teku ya kewaye tsibirin nan ta ko'ina. Je ki nemi wani gefen ki jiƙa jikinki."

"An ce mini ruwan nan ya fi sanyi. Akwai idon ruwa a ƙarƙashin dutse."

"Wanda ya gaya miki maƙaryaci ne."

"Ya rasu."

"To ƙaryarsa ta bi shi."

Ta wuce ni kamar na yi da bango.

Talata ta dawo. Tana cikin ruwa na kwashe kayanta da takalman na watsa cikin ƙaya. Ta fito, ta tsince su ɗaya ɗaya, ta hau tudu ƙafa na jini, ko kallona ba ta yi ba.

Laraba na ɗaure ƙyauren da sarƙa, na sa kwaɗo. Ta zagaya ta hanyar awaki. Akwai matakalar dutse guda da ke girgiza a wajen, wadda ta karya wa maƙwabcinmu ƙugu. Ta tsallake ta ba tare da ta dubi ƙasa ba. Daga nan ta je gindin tsohon zaitun na tsakiya, ta rungume shi da hannu biyu. Na ce ga shi nan, ana auna kaurinsa don a san zarton da za a kawo.

Na hana mai gidan burodi sayar mata. Na gaya wa matan gari ɓarauniya ce. Alhamis na tare ta a hanya da bokitin ruwan da na wanke garken awaki, na sheƙa mata tun daga ka.

Ta share fuska ta ce, "Ban zo karɓar komai ba, Inna."

Na ce, "Kura ma haka take ce wa akuya."

Ba ta sake zuwa gonar ba. Ta koma hawan duwatsu ita kaɗai. Na ce na yi maganinta.

Jiya Asabar na hau share ƙaramin cocin kan tudu, kamar yadda na saba shekara arba'in. Kun san takardun da mutane ke bari don fada, limamin cocin, ya karanta a addu'a, sunayen matattu a gefe guda, na masu rai a gefe guda. Da su na koya wa kaina karatu, don ba wanda ya sa ni makaranta, kuma har yau ba na wuce ɗaya ban duba ba. Kun kuma san a takardar nan ba a rubuta sunan gayu, sai na baftisma.

Ga wadda Beti ta bari, ku karanta da idonku. Gefen matattu suna ɗaya ne: Minas. Gefen masu rai huɗu: nawa, naka, naki, sai nata a ƙarshe, Zambeta. Ubanku bai hana Irini sunan uwarsa ba, ya riga ya bayar da shi ne ga 'yar da ya haifa a Ostireliya. Jirgin da zai mayar da ita zai tashi gobe da hantsi. Ni ƙafata ba za ta je ba, don haka ku sasanta tsakaninku wanda zai kai wa yayarku makullin gonarta.