Ɗan Rakiya

"Me yake sha?" likitar ta tambaya.

Mai askin ya gyara zama. Shi dai ɗan rakiya ne. Da safe Inna ta ce ya raka ƙaninsa Auta asibiti, wai yaron ya faɗa shaye-shaye. Abin ya ɗaure masa kai, don ko sigari bai taɓa ganin Auta da ita ba. Amma tunda Auta ya sunkuyar da kai, dole babba ya yi magana.

"Maganin tari ne, likita. Sai ƙwaya, don hannu ya tsaya a kan aska. In barci ya ƙi, ya ɗora da wata."

"A haɗe? Wannan haɗin yana tsayar da numfashi. Ya taɓa faɗuwa?"

"Ya faɗi a shago, yana tsakiyar yi wa mutum aski."

Sai ya yi turus. Auta ai direba ne, bai taɓa riƙe aska ba. To wa ya faɗi? Yana tuna sanyin siminti a kunci, amma kuncin wa?

"Yaya," in ji Auta, "ruwan yana zuba."

Ya dubi kofin da ke karkarwa a hannunsa. Ya dubi jakar da ya ɗauko wa yaron tun daga gida, hannun riga ya leƙo ta bakinta. Rigarsa ce.

"Likita," ya ce a hankali, "ina gadon nawa yake?"