Hoton Bijimin da Ya Ɓata

Na ji ƙorafinka a kan mutanen wurin aikinku. Sha ruwa tukuna, in ba ka misalin wani mai hoto.

Mutumin nan yana da shago a bakin kasuwa, kuma ya iya aikinsa, sai dai a faɗarsa bai taɓa yin kuskure ba tun da aka yanke masa cibiya. Wata shekara aka yi gasar kiwo a garin, bijimin wani attajiri ya zo na ɗaya. Attajirin ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ya tsaya kusa da bijiminsa ya dafa tozo, mai hoto ya ɗauka. Bayan wata biyu aka yanka bijimin a wani biki, aka cinye shi har ganda. Sai a lokacin attajiri ya tuna da hoto. Ya zo ranar Talata ya ce a wanke masa babba wanda zai rufe rabin bangon zaurensa, domin ranar Juma'a abokan kiwonsa na wasu garuruwa za su zo, kuma a cikinsu akwai masu cewa bijimin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Mai hoto ya ce ai an yi an gama. Attajiri na fita ya buɗe manhajar da yake jera hotunansa yana gyara su a kwamfuta. Ga hoton nan ɗan mitsitsi kamar kan sarki, amma da alamar tambaya a kusurwarsa. Ya danna, manhaja ta ce ba ta ga ainihin hoton ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, sai ka ce ƙarfin yatsa ne ya gaza. Ya kashe ya kunna, duk ɗaya. Ya gwada buɗa ɗan ƙaramin ya wanke shi, ya fito dishi-dishi, ba ka bambanta ƙaho da hula. Nan gumi ya keto masa, don bijimin da ya shiga cikin mutum ɗari uku ba ya dawowa a sake ɗaukarsa.

Ya fara da matarsa, wadda takan kawo masa abincin rana ta share masa tebur. Ya ce tsummanta ne ya goge hoton. Ta rufe kwanonta ta koma da shi gida, washegari gurasa busasshiya ya ci. Ya koma kan mai walda na shagon kusa, ya ce injinsa ne ke zuƙe wuta har hotuna su ƙone. Shekara tara suna gaisawa, ranar suka daina. Ya hau babur ya je wurin wanda ya sayar masa da kwamfutar, ya kira shi macuci a gaban masu ciniki. Da mutane suka ƙare masa, ya sayo turare ya turara shagon lungu-lungu, ko aljanu ne.

Ranar Alhamis da la'asar attajiri ya dawo, ya cika benci, ya ce ba inda za shi sai da bijiminsa. Da mai hoto ya ga uwar bari, ya haɗiye girman kansa ya kirawo wata dattijuwa mai buga wa mutane takardu a layin baya, tsohuwar ma'aikaciyar ofis. Ta gyara tabarau ta duba, ta yi masa bayani cewa manhajar nan ba ta ajiye hoto a cikinta. Kamar mai unguwa take, gidan kowa kawai ta sani. In ka tashi mutum daga gidansa, ko ka sauya sunan layinsu a bayan idonta, sai ta ce ya ɓata, alhali yana nan garau. Magani shi ne a tambaye ta inda ta baro shi. Dattijuwa ta danna alamar tambayar, kuma da yake ita ba ta karatu a zuci, ta ɗaga murya ta ce, "Wai a wata folda ta baro shi, mai suna Shanu Biyu."

A nan mai hoto ya tuna komai. Shi ya raɗa wa foldar sunan nan ranar gasa, yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Kuma shi ne, wata rana can baya da attajiri ya leƙo gaisuwa, ya yi wuf ya sauya sunan foldar zuwa Alhaji Mai Nasara ba tare da sanin manhaja ba, ya kuma manta. Ya nuna foldar. Dattijuwa ta nuna wa manhaja sabon sunan, alamar tambaya ta gushe, bijimi ya cika fuskar kwamfuta da tozonsa da ƙahoninsa, ga mai shi a gefe yana murmushi.

Attajiri ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juyo a hankali ya ce, "Malam, ƙidayarka ba ta cika ba. Uku ne. Ka manta da wanda ya riƙe kyamarar."

Hoto ya hau bango ranar Juma'a, baƙi suka sallama cewa bijimi ya kai. Mai hoto kuwa ya wuni yana bi gida-gida yana ba da haƙuri. Mai walda ya yafe nan take, sai dai shi ya kai labarin majalisar masu shayi, kafin mako ya zagayo duk kasuwa ba mai kiran mai hoto sai da suna Na Uku. Matarsa ba ta dawo da kwano ba sai da ya maimaita mata labarin sau biyu a gaban ƙannenta.

Shi ya sa magabata suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.