Hannun Mai Niƙan Barkono

Zoben alkawari budurwarsa ta zo mayar masa, don ta gaji da saurin fushinsa. Mai niƙan barkono ya kashe inji, ya daɗe yana kallonta.

"Ki yafe mini," ya ce.

Hawaye suka zubo mata. Ya kai hannu ya share, ya manta abin da ya wuni yana niƙawa.

Ta ƙwalla ƙara, ta ɗauke shi da mari, ta ƙara masa wani.

"Mugu! Kai ko lallashinka azaba ne!"

Bai rama ba. Da ido ɗaya ta ga ya dumbuzi barkono ya murza a idanunsa.

"Ka haukace ne?"

Ta shaƙo wuyan rigarsa, ta ja shi bakin famfo tana zaginsa. Nasa idanun ta fara wankewa.